Ranar da Yaya Ladan Ya Wanke Totur

Yayana Ladan ya fi shekara ashirin yana gyaran injin jirgin ruwa a bakin kogi a Yelwa, kuma ban taɓa jin masunci ya yi kuka da aikinsa ba. Har daga Wara ake ɗauro masa inji a bayan babur. Wannan yabon ne ya kumbura masa kai, har ya ɗauka duk abin da ke shan fetur a duniya ƙanen injin jirgi ne.

Wata ranar Alhamis Inna za mu kai asibiti a Birnin Kebbi. Shekara uku ke nan cutar yanar ido ta rufe mata ido biyu, sai an ja mata hannu take zuwa bayan gida. Likitocin ido sun zo aikin kwana biyar, aka sa sunanta a ranar ƙarshe, aka ce mu iso kafin azahar. Motar tawa ce, kuma lafiyarta ƙalau, in ban da ɗan kakkarwa da take yi in an tsaya, wanda ni da ita mun saba.

Na fito da jakar Inna da ƙarfe bakwai, sai na tarar da bonet a buɗe, rabin Yaya Ladan a ciki. Masu jirgi suna da al'adarsu: ba a fita doguwar tafiya a ruwa sai an kwance kafireto an wanke shi da fetur, an hura da baki. A ruwa wannan hankali ne. To amma motata ba ta da kafireto. Wani ɗan marfi ne a maƙogwaron injin, wanda ƙwaƙwalwar motar ke buɗewa da rufewa da kanta in an taka totur. Bakaniken da ke duba min ita a Kwantagora ya ja min kunne sau biyu: kada a danna marfin nan da hannu, kada fetur ya taɓa siririyar wayar da ke auna iska a bakin bututun.

"Yaya, wagga ba a taɓa mata nan wurin," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

Maƙwabta sun cika ƙofar gida, sun zo yi wa Inna Allah ya kiyaye hanya. Yaya Ladan ya ɗago, ya dube su, sannan ya dube ni.

"Arzika, ni za ka koya ma inji? Dubi baƙin da ag ga nan. Da wagga dauɗa za ka ɗauki Inna? Riƙe mani gwangwanin ga."

Aka yi dariya. Ni kuwa na riƙe. Wannan shi ya fi cin raina har yau. Ina tsaye da gwangwanin fetur a hannu, ina kallo ya tura sukundireba ya banƙare marfin, ya goge shi da tsohon buroshin haƙori, ya zaro wayar iskar ya tsoma ta cikin fetur ya kaɗa kamar mai wanke cokali. Na san ɓarna ake yi. Amma a gidanmu ƙane ba ya gyara wa yayansa magana a gaban mutane, ko da yayan rami zai jefa su.

Da aka tayar, motar ta kama ruri ita kaɗai ba wanda ya taka ta. Yaya Ladan ya goge hannu a wando yana murmushi. "Ka jiya? Yanzu tab buɗe murya."

Shi ya zauna gaba, Inna da ƙanwarmu Mairo a baya. Mun wuce mararrabar Shanga kaɗan sai fitilar gargaɗi ta kama a gaban sitiyari, motar ta saki ƙarfi. Na taka totur har ƙasa, tana tafiya kamar amalanke. Na gangara gefen titi, zuciyata tana tafasa.

Da a nan Yaya Ladan ya tsaya, da wataƙila mun lallaɓa har Koko. Amma ya fita ya sake cire bututun, ya ce marfin ne ya maƙale. Ya danna shi da babban yatsa da dukkan ƙarfinsa. Na ji ƙas daga inda nake zaune. 'Yan haƙoran roba da ke juya marfin ne suka karye, kuma daga nan motar ba ta ƙara amsa totur ba.

Awa biyu muka yi a rana. Duk motar da ta zo a cike take, wasu ko rage gudu ba su yi. Daga baya wani mai ɗaukar albasa ya tausaya mana ya kai mu Koko, muka shiga wata zuwa Jega, muka sake wata. Duk hanyar, kowane lokaci sai Inna ta tambayi Mairo ko rana ta yi tsaka.

Bayan la'asar muka isa. Wata nas mai suna Rebecca ta duba takardarmu, ta ce sau uku aka kira sunan Inna. Likitocin sun haɗa kayansu tun ƙarfe uku.

"Ku yi haƙuri, Mama," in ji ta. "Sai sun dawo baɗi, in Allah ya kai mu."

Muka zaunar da Inna a kan benci a farfajiyar. Da Yaya Ladan ya yi shiru, wallahi da na haɗiye. Sai ya gyara hula ya ce, "Allah bai nuhwa ba. Motocin zamanin ga dai ba su da ƙwari, ɗan taɓi kaɗan sun lalace."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Kai kal lalata ta," na ce. "Na gaya maka ba a taɓawa, kam maishe ni abin dariya. Ba ka sani ba, kuma girman kai ya hana ka ce ba ka sani ba. Duk tuntuɓen da Inna ta yi daga yau har baɗi, kai ne."

Mutanen da ke farfajiyar suka juyo. A shekara talatin da huɗu da na yi a duniya ban taɓa ɗaga masa murya ba, kuma ban ji na huce ba ko kaɗan.

Sai Inna ta dafa kafaɗar Mairo ta miƙe.

"Arzika, yayanka kaka gaya ma haka? A gabana? Ba shi haƙuri yanzun ga."

Ta ɗaga yatsa tana yi min faɗa, tana nuna bangon asibiti, ni kuwa ina tsaye a bayanta.