Saura Mutum Uku a Ƙirga Baba Badaru

"Riƙe mani wuri, Rabe, in je in taso su Ɗanjuma," in ji Baba Badaru yana haki. Karo na huɗu ke nan tun safe da yake barin layi ya nufi gonaki.

Na ce, "Haba Baba, ka zauna hakanan mana! Dubi zufar da kake yi."

Ko kallona bai yi ba, ya dogara sandarsa ya wuce.

Baba Badaru maƙwabcina ne a Gangare, unguwarmu ta ƙasan Tamawa, danga ɗaya ta raba mu. Ranar ake zaɓen wanda zai wakilci garin a majalisar gunduma a Kurfi, shekara uku kafin 'yancin kai. Babu akwati a zaɓen nan. Ɗan takara zai tsaya, magidanta su jeru bayansa, malamin zaɓe ya bi yana ƙirgawa. Mu mun tsai da Sabitu, mutanen unguwar Tudu sun tsai da Hudu. Abin da ake nema kuwa ba ɓoyayye ba ne: an ce za a gina rijiyar siminti guda ɗaya tak a garin, kuma kowa ya san unguwar wakili za ta samu.

Sai ga ruwan shuka ya sauka jajibirin zaɓe. To, wane manomi ne zai bar ƙasa da laima ya zo ya tsaya a rana? Da hantsi mu goma sha ɗaya ne bayan Sabitu, abin kunya. Mutanen Tudu gonakinsu na bayan gida, sun fito tim.

Baba Badaru kuwa da dalilinsa. Matarsa, Inna Yahanasu, gwiwarta a kumbure take, ba su da ɗa a gida, duk rani ita ke zuwa rafi ta tona yashi ta jira ruwa ya tsattsafo. Ya sha gaya mani, "Mata ba su tsayawa layi, Rabe. To ni zan tsaya mata."

Yadda ya yi da mutane a gonakin nan, Allah kaɗai ya sani. Ya roƙi wani, ya zagi wani tas, ya tuna ma wani cewa shi ya yi mashi huɗuba ranar haihuwa. Sai ga su suna zuwa da sungumi a kafaɗa, ƙafafu duk taɓo, suna gunaguni. Da ya dawo da su Ɗanjuma na ƙirga da idona, mu saba'in da huɗu.

Malam Mahmuda, malamin zaɓen da ya zo da keke daga Dutsin-Ma, ya fara da layin Hudu. "Sittin da ɗaya!" Ya rubuta. Wallahi sai da na ji kamar in yi guɗa.

Baba Badaru na gabana. Ya waiwayo ya ce, "Ka ji ko? Mi na gaya maka?"

Malam ya shigo layinmu yana taɓa kafaɗar kowa da fensir. Ashirin da takwas, ashirin da tara. Sai na ji Baba ya jingino da ni. Na ce a raina, tsoho ya gaji. Na tallabe shi, na ji nauyin ba na mai gajiya ba ne. Sandar ta faɗi. Na leƙa fuskarsa, idanu a buɗe, murmushin bai ma gama barin bakinsa ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ni na faɗa, da ƙarfi kuwa. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne ya fitar. Layi ya watse nan take. Wa zai tsaya a ƙirga shi ga gawa kwance? Har mutanen Tudu suka sheƙo. Sabitu ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe shi.

Malam Mahmuda mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya rufe littafinsa ya ce, "Ku je ku yi mashi sutura. Ina nan har la'asar, sannan a sake jeruwa." Da shi ma aka yi sallar jana'izar.

Amma daga maƙabarta, ina kallo, mutane suka ɗauki sungumansu suka bi hanyar gona ɗaya bayan ɗaya. Na bi su ina kira kamar mahaukaci.

"Ɗanjuma, don girman Allah! Mutumin nan fa saboda layin nan ya mutu!"

"Rabe, ƙasa na bushewa. In ban shuka yau ba, mi zan ba iyali? Allah shi jiƙan Baba."

Na zage shi, na zagi wasu biyar, ba wanda ya juyo. Wanda suke jin kunyarsa mun baro shi ƙarƙashin ƙasa. Da la'asar mu goma sha tara muka tsaya bayan Sabitu. Malam ya ƙirga mu sau biyu, kamar mai fatan mu ƙaru.

A Tudu aka gina rijiyar. Daga Gangare, gara ma rafin, ya fi kusa.

Inna Yahanasu ba ta ce mani komai ba sai bayan ta fita takaba, ruwa ya ɗauke. Wata safiya ina gyaran danga ta fito da tulu, ta tsaya.

"Rabe, ina so in tambaye ka. Sun ƙirga shi kuwa?"

Na so in yi mata ƙarya, na kasa. Na ce, "A'a, Inna. Saura mutum uku a zo kanshi."

Ta jinjina kai. Na ce ta kawo tulun in ɗebo mata, ta ce in bari, ta saba. Ta gyara gammo, ta ɗauki sandarsa da ke jingine a bakin zaure, ta bi hanyar rafi a hankali, sandar na barin ƙananan ramuka a cikin yashi.