Yauƙin da Nake Zubarwa

…kuma wai abin da nake kankarewa in zubar a kwata, shi take zaune tana haɗawa. Yauƙin hanji. Shekara ashirin da bakwai ina sayar da tuwo zafi a bakin tashar motocin haya, trotro, ta Ayigya Zango, kullum safiya hannuna cikin kayan ciki — gishiri, lemun tsami, a juya hanjin a kan tsinke, a murje har santsin ya tafi. Ƙazanta ce. Haka uwata ta koya mini. Yau ga 'yar da na haifa tana can Turai, cikin farar riga, tana yin irinsa a kwalba. Ba saniya, ba tunkiya. Ikon Allah.

Ruwan wankin hanjin nan ya yi ja. In sake wani.

"Mma, ba ƙazanta ba ce," in ji ta a saƙon murya, har da dariya. "Bargo ne Allah ya shimfiɗa wa hanji. In ya yage, ƙwayoyin cuta su taɓa nama, sai gyambo, sai jini. Mu irinsa muke yi, mu ga yadda yake tsare mutum. Magani? Da saura, Mma. Da saura sosai."

Sai jini. Sau bakwai ina maido saƙon wurin nan.

Wata na huɗu ke nan da ciwon nan ya kama ni. Alwala ba ta kai ni daga Azahar zuwa La'asar. In shiga bayi da buta in fito ban duba ba — ƙarya nake, ina dubawa. Jiya a raka'a ta uku cikin ya murɗa, na katse salla. Ni! Astagfirullah. Dokta ya ce in koma Talata, za a leƙa ciki da na'ura, in zo da wani nawa. Wani nawa… wa?

Barkisu maƙwabciyata ta ce, "Mma Humu, zani ya fara zagaye ki sau biyu fa. Ki gaya wa Hikimarki mana, ba aikinta ke nan ba?" Ita bakinta yana iya sunan. Ni kuwa, tunda 'yar farina ce, ban taɓa kira ba. "Ke" nake cewa. "'Yar nan." Ranar tafiyarta kowa ya rungume ta a bakin mota, ni na gyara mata mayafi, na ce kar ta yi wasa da salla. Shi ke nan. Uwar da kunya ta hana ta kiran sunanki, ita ce za ta buɗe baki ta gaya miki abin da ke fita daga jikinta?

Takardar aikinta tana ninke cikin darduma. Turanci zalla, da hoton wasu zaruruwa masu gashi-gashi kamar burushin wanke kwalba. Ko layi ɗaya ban gane ba. Amma sunan na sama… Da littattafanta na firamare na koyi boko, ni kaɗai a bakin murhu, harafi bayan harafi, ina juya miyar ayoyo da ɗaya hannun. Abin da na fara haɗawa shi ne sunan da ke bangon littafin. Da yatsa na bi, leɓe a rufe. Har yau.

Wata bakwai ya rage ta gama. Shekara huɗu tana kai. In na faɗa — na san ta, halin ubanta ne, Allah ya jiƙansa — gobe za ta rufe kwalaben nan ta hau jirgi. Kuma ta ce in aka bar su kwana biyu lalacewa suke, kamar ƙullun koko. In ban faɗa ba… wata bakwai. Bargon cikina zai kai? Sai Shi.

Kash. Hanjin ya tsinke. Na cika murza.

Wayar tana kan turmi. A danna nan a riƙe, haka ta nuna mini. Na goge hannu a zani. Na danna. Jan ɗigon yana ƙiftawa.

"Salamu alaikum… ke… ya sanyi?"

Ba shi ba.

"Wannan bargon da kika ce…"

Wani yana buga kwano a waje, tuwo bai ma hau wuta ba. Yatsana yana kai har yanzu. In na ɗaga, saƙon ya tafi. In na ja gefe, ya goge. Ya Allah, na gaji… kuma hannun bai gogu ba, da sauran yauƙi, yatsan yana zamewa — ban san ta wane gefe ba.