Kebul Mai Lamba 3.2

Bayan rasuwar mijinta, Bu Rukmini, wato Malama Rukmini, ta fara kwafe bidiyoyinsa daga tsohon faifan ajiya zuwa kwamfuta. Aikin ya yi ta jan ƙafa, faifan yana ƙara, har ya daina aiki gaba ɗaya. Ta kai shi tare da kwamfutar shagon gyaran Koh Aming a Surabaya.

"Kebul ɗin USB mai lamba 3.2 na saya," in ji ta. "Ba ya fi 3.0 gudu ba?"

"Suna kawai suka canza masa, Bu. Kuma ramin kwamfutar da kika jona shi a ciki na tsohon yayi ne," in ji Koh Aming.

Bidiyo ɗaya ya tsira. Mijin ne yana wanke babur, ya ba kyamara baya. Ta kalla har ƙarshe, bai juyo ba.