Ƙwallon Tsakiya

Kwana tara takardar ta yi a cikin aljihun teburin Tak Sunhi, ƙarƙashin igiyoyin raket da kwalin filasta. An cike ko'ina sai wuri biyu: inda koci za ta buga hatiminta, da inda uwa za ta buga nata. Duka biyun kuwa ita suke jira, don ita ce kocin 'yan matan garin Hadong a badminton, wasan raket da ƙwallon gashi, ita ce kuma ta haifi Boram. In ta buga, yarinyar za ta tafi birnin Incheon a watan Maris, makarantar kwana inda Bong Miran ke horar da 'yan wasa. Ranar Litinin za a rufe karɓar takardu. Mijinta ya ce shi dai abin da ta yanke, ya ɗauki hularsa ya tafi gonar shayi.

Shekara goma sha ɗaya Sunhi da Miran suka yi suna wasan bibbiyu tare. Ɗaki ɗaya suke kwana a sansanin horo, jirgi ɗaya suke hawa, har ƙanƙarar gasa gwiwa sukan raba. Sunhi ta girmi Miran da shekara ɗaya tak, amma shekara ɗayar ta isa. Miran ce ke zuba mata ruwa da hannu biyu, ita ke ce mata Yaya, ita ke ce mata ku don girmamawa.

A fili, Sunhi ce a gaba, dab da raga. Aikinta shi ne ta riƙa sauke ƙwallon gashin nan a hankali a bakin raga, ta takura wa abokan karawa har su rasa yadda za su yi sai sun ɗaga shi sama. Da sun ɗaga, sai Miran ta taso daga baya ta sare shi ƙasa. Mutane kuwa saran suke yi wa tafi. Ba wanda ke tashi tsaye saboda an sauke ƙwallo a hankali.

Babbar gasar da suka ci, a wani gari mai sanyi ne a Turai. Maki ɗaya ya rage. Ƙwallon ya taho ta tsakiyarsu, bai yi sama sosai ba, Sunhi har ta ɗaga raket. Sai ta ji daga bayanta, "Bari!" Babu Yaya, babu ku. Ta sunkuya, Miran ta sare. Washegari jaridu suka fito da hoton Miran a sama, gashinta a tashe, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. A ƙasan hoton akwai wani baya a durƙushe, ba a ganin fuska. Lambar zinaren da aka rataya musu nauyinta ɗaya, amma Miran aka kira talabijin, ita aka sa a tallar tukunyar shinkafa. Sunhi ta koma garinsu da gwiwa mai ciwo. Har yau in ta shiga kasuwa akan samu mai cewa, "Ba ke ce kika yi wasa da Bong Miran ba?"

Da ta fara horar da yara sai ta kafa doka: a filinta ƙarama ba ta ɗaga wa babba murya. Iyaye suka yi ta yabon tarbiyyar 'yan matanta.

Ranar Asabar da hantsi, ana cikin atisaye, ƙofar zauren ta buɗe. Miran ce, da kwalin lemo a rungume da jakar raket a kafaɗa. Ta cire takalminta a bakin ƙofa, ta rusuna.

"Yaya, kun rame."

"Ke kuma kin ciko. Tukunyar da kike talla ce?"

"Ashe bakin nan naku bai yi ritaya ba," in ji Miran tana dariya. "Na yi ta kiran waya ba ku ɗauka, na ce bari in zo in gani ko Hadong ta nutse a kogi."

"Aiki ya yi min yawa."

"Na gani. Yara takwas."

Yaran takwas kuwa duk sun tsaya cak, raket a hannu, baki a buɗe. Boram ta yi ja har kunnuwa. Sunhi ta lura 'yarta ta gyara ɗaurin gashinta, abin da ba ta taɓa yi don kowa ba. Ta tafa hannu da ƙarfi ta ce kowa ya koma wurinsa.

Miran ta zauna a benci tana ɓare lemo. Boram na wasa da abokiyarta Nari, wadda ta girme ta da shekara biyu. Nari a gaba, Boram a baya. Yarinyar na da tsalle, tana da hannu, wannan ko makaho ya ji ƙarar raket ɗinta ya sani. Amma sau uku ƙwallo ya taho ta tsakiyarsu, sau uku Boram ta taso da gudu, ta buɗe baki, ta tsaya. Nari kuma tana jin takunta a baya sai ta janye hannu. Ƙwallon ya faɗi a tsakaninsu. Kowane karo Boram ta rusuna ta ce, "Yaya Nari, ku yi haƙuri."

"Wa ya ɗaure mata baki?" in ji Miran, ba ta ɗago ba.

"Tarbiyya ake ce masa."

"Tarbiyyar ta ci muku maki uku. Yaya, ku ara min ita minti ashirin. Ni da ita, ku da doguwar yarinyar nan."

"Gwiwata ba ta so."

"Tawa ma an yanka ta sau biyu. Ko tsoro kuke ji?"

Sunhi ta ɗauki raket ɗinta.

Miran ta shiga fili, ta wuce kai tsaye ta tsaya a gaba, dab da raga. Sunhi ta bi ta da kallo. Wurin nan na Sunhi ne. Shekara goma sha ɗaya matar nan ba ta taɓa sha'awarsa ba.

"Boram, zo nan," in ji Miran. "In ƙwallo ya zo tsakiya kika ga naki ne, me za ki ce min?"

Yarinyar ta haɗa hannuwa a gabanta. "Anti, don Allah ku bar min."

"Kafin ki kai don Allah ya sauka ya yi barci. Kalma ɗaya. Ce min bari."

"Anti, ai ba zan iya ce muku haka ba."

"Kin ga farin layin nan? Cikinsa babu Anti. In mun fita ki ɗaukar min jaka, ki zuba min shayi, ki rusuna har goshinki ya taɓa ƙasa, ban hana ba. Ce."

Boram ta kalli uwarta ta cikin raga. Sunhi ta sunkuya tana gyara igiyar takalmi da ba ta kwance ba.

Aka fara. Sunhi ta san inda ramin yake, ita ta haƙa shi. Ƙwallon farko da ya zo mata daidai, ta tura shi tsakiya, ɗan sama da kafaɗar Miran. Boram ta taso, ta tsaya. Miran ba ta motsa ba, da gangan. Ya faɗi.

"Ban ji komai ba," in ji Miran. "Na ɗauka ba kowa a bayana."

Na biyu ma haka. Boram ta ce wani abu ƙasa-ƙasa, kamar mai tambayar hanya. Ya faɗi. Sunhi ta ji daɗi, ta kuma ji kunyar daɗin, amma daɗin ya fi yawa. Nari ta kalle ta a gefe, don ba ta taɓa ganin Koci na wasa haka da yara ba.

"Yaya, 'yarku ce fa," in ji Miran.

"A cikin farin layi babu 'ya. Ba haka kika ce ba?"

Suka yi ta yi. Gumi ya jiƙe rigar Sunhi, gwiwarta na suka. Sai ta sake samun irin ƙwallon da take so, ta tura shi tsakiya, daidai wurin.

"Bari!"

Muryar ta cika zauren har yaran da ke ɗaya filin suka juyo. Miran ta durƙusa. Boram ta taso ta bayanta, ta sare. Ƙwallon ya daki katako kusa da ƙafar Sunhi kafin ta ko sauke raket.

Sunhi ta ɗago tana jiran idon 'yarta. Tun yarinyar na shekara tara, duk saran da ya yi kyau, uwarta take fara kallo. Wannan karon wajen Miran Boram ta juya. Tana haki, tana dariya, fuskarta a buɗe kamar an kunna fitila. Sai can ta tuna, ta rufe baki da hannu, ta fara rusunawa. Miran ta ƙwanƙwasa mata raket a ka.

"In kika ba ni haƙuri sai kin zagaya zauren nan sau goma."

Shekara shida Sunhi ta yi tana jefa wa yarinyar nan ƙwallo, kwando bayan kwando, safe da yamma. Ita ta koya mata riƙon raket, ita ta gyara mata taku, ita ta ɗaure mata idon sawu ranar da ta gurɗe. Wannan kuwa ta zo da kwalin lemo, cikin minti ashirin ta buɗe mata baki.

Sunhi ta ajiye raket ta ce a huta. Ta shiga ɗan ofishinta. Miran ta biyo ta, ta ja ƙofa.

Sunhi ta zauna, ta bar ta a tsaye. Miran ta ɗauki butar shayin sha'ir ta zuba mata da hannu biyu, kamar da.

"Tun ranar nan kuke riƙe da ni," in ji Miran.

"Kin ce min bari kamar kina korar kare. A gaban duniya."

"Ku kuka ba ni izini. Ranar farko a sansani, ina ta rawar jiki, kuka ce, Miran, a cikin fili ajiye girmamawa, ba mu da lokacin cewa ku."

"Na san ni na ce. Ban ce a buga a jarida ba." Sunhi ta juya kofin a hannunta. "Ƙwallon nan nawa ne. Raket ɗina na sama."

Miran ta kalli taga.

"Naku ne," ta ce. "Da kun buga da kun ci. Na gan shi, na so shi, shi ke nan."

Shekara ashirin Sunhi na jiran wannan maganar. Ta ɗauka in ta ji ta za ta ji sanyi. Sai ta ga babu abin da ya ragu.

"Yanzu kuma kin ga wani kin so."

"Na so. Amma Yaya, ba irinku ba ce, irina ce. 'Yar baya ce. Kun fi ni sani, tun da ku kuka ajiye ta a baya. In ta zauna a nan za ta zama yarinya mai ladabi wadda ta kusa zama gwana."

"In ta ci, wa za a ce ya koya mata?"

"Ni," in ji Miran. "Kun san 'yan jarida. Zan faɗi sunanku sau goma, su yanke wurin."

"Ko ƙarya ba za ki yi min ba."

"Kun taɓa yarda da ƙaryata?"

Daga zaure ana jin ƙarar ƙwallo, yaran ba su huta ba. Sai muryar Boram ta sake tashi da kalmar nan, wannan karon Nari take gaya wa, aka kwashe da dariya. Ba wadda ta leƙo ofis ta ga ko Koci ta ji.

Sunhi ta ja aljihun tebur. Ta ture igiyoyi da filasta ta ciro takardar, gefenta ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Ta buɗe jar tawada, ta danna hatimi, ta buga a wurin koci. Wannan bai yi wuya ba. Ta riƙe hatimin a saman ɗaya wurin har Miran ta kawar da kai. Sannan ta buga, ta danne shi da ƙarfi har jan ya ɗan malala.

Miran ta miƙo hannu biyu. Sunhi ta miƙa mata, amma ba ta saki ba nan take.

"Ba ta cin abinci in za ta yi wasa. Sai an tsare ta."

"To, Yaya."

"Kuma kar ki sa ta talla."

"Sai dai in tukunyar mai kyau ce."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Boram ce, jakar Miran a kafaɗarta tun ba a ce ta ɗauka ba. Idonta ya sauka kan takardar, ta ga ja biyu, ta danne murna don kada ta yi yawa a gaban uwarta. Sunhi ta ga dannewar, ita ma ta yi mata ciwo.

"Umma, Anti za ta ci abincin rana a gidanmu ko?"

Tun da asuba Sunhi ta riga ta dafa miyar kifin ɓawo na kogi, tukunya guda cike, wadda za ta ishi mutum shida. Ta rufe tawadar, ta goge ɗan yatsanta da takarda.

"Miyar ba za ta isa ba," ta ce. "Akwai gidan abinci a tasha."