Lissafin da Hajjo Ta Shafe

"Auta! Kai Auta! Fito, matarka ta ɗaure akwati!"

Isyaku ya ɗago kai daga cikin injin saƙar da yake gyarawa, ya hangi yayarsa Atika a bakin ƙofa, mayafi a karkace, maigadin masaƙa na biye da ita yana roƙon ta tsaya. Ya jefar da sifana ya nufo ta da gudu.

"Wane akwati, Yaya? Mai jegon?"

"Ita fa. Ta saɓa jariri a kafaɗa, wai filin jirgi za ta. Hajjo ta tare zaure."

"Me aka yi mata?"

"Ɗaki aka shafe mata da farar ƙasa saboda gobe suna. Shi ke nan fa! Daga alheri."

Isyaku ya matso kusa da ita. "Har bangon da take rubutu?"

"Duk bangon ɗakin. Tana wankan jego muka gama."

Bai ko wanke baƙin man hannunsa ba ya tada babur, Atika ta haye baya, suka kutsa tsakanin manyan motocin da ke jiran lodin atamfa, suka miƙi hanyar cikin ƙauyen Sharada.

Shi kaɗai a gidan ya san abin da ke jikin bangon nan. Lokacin da gwamnati ta tura shi Tarayyar Sobiyet karatun injiniya ya haɗu da Tamara. Masaniyar kimiyyar sinadarai ce, amma ba irin masu zuba ruwa a kwalba ba. Nata aikin lissafi ne zalla, tana neman yadda ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani suke haɗiye wani haske su mayar da wani. A cibiyarsu kwamfuta ɗaya ce, girmanta ya kai ɗaki, kuma sai masu aikin soja sun gama sannan a ba sauran, wani lokaci bayan watanni. Mujallun Turawan yamma sai sun tsufa suke isowa, a kulle su a kabad. Don haka mutanen suka koma ga alli da allo, suka gwanance har waɗanda suka fi su kayan aiki suna jinjina musu.

Malaminta, Farfesa Yakov, shi ya fara wannan lissafi. Ranar da ya nemi izinin barin ƙasar aka sallame shi, aka cire sunansa daga aikin, ya koma mai zuba gawayi a tukunyar ɗumama wani bene. Da Tamara za ta biyo mijinta Kano aka karɓe takardun lissafinta a filin jirgi. A cikin kanta ta ɗauko aikin. Ta kuma saba ba ta iya tunani sai a tsaye, shi ya sa ta kama bangon ɗakinta da gawayi, tun kafin ta samu ciki har ta haihu.

Ya tarar da su a zaure. Hajjo, mahaifiyarsa, ta baje hannuwa ta toshe ƙofa, tsohuwa 'yar ƙarama kamar iska za ta ɗauke ta. Tamara na tsaye da akwati, gashinta a jiƙe, fuska ta yi jajir, jariri na barci a kafaɗarta.

"Ka zo?" ta ce da Rashanci. "Can sun karɓe, na ce ba komai, ina da kaina. Nan ma an shafe. Ina kuma zan je in rubuta, Isyaku? Saura kaɗan in gama. Tsohon malamina yana can yana zuba gawayi, ni kaɗai ce na rage masa."

"Me take cewa?" Hajjo ta tambaya. "Auta, gaya mata mai jego ba ta taka waje. Iska za ta shige ta."

Isyaku ya karɓi akwatin a hankali, ya ajiye. Ya durƙusa gaban uwarsa. "Hajjo, abin da kuka shafe ba ƙazanta ba ne. Aikinta ne. Kamar a ce kun tashi kun tarar an kwance muku saƙar shekara."

Hajjo ta sauke hannuwanta.

"Na san ba ƙazanta ba ne," ta ce. "Ni yarinya ce? Amma ka ji abin da mata ke faɗi a bakin famfo? Wai baturiyar Auta ta cika ɗaki da zanen tsubbu. Wasu na cewa taɓin hankali ne. Gobe gidan nan zai cika maƙil, kowace ta leƙa ta ga mai jego. In bari su fita da ita a baki? 'Yar mutane, ba uwa ba uba a garin nan, sai ni?"

Tamara na jin Hausa fiye da yadda take iya mayarwa. Ta ƙura wa Hajjo ido.

"Zaituna," Hajjo ta kira ta da sunan da ta raɗa mata tun ranar da ta iso. "Miƙo min mijina nan, ki biyo ni."

Ta karɓi jikan, ta wuce gaba ba ta ko waiwayo. Suka bi ta har ɗakinta na ƙurya, wanda ko Atika ba ta shiga sai da sallama. Bango guda cike yake da jeren kwanoni da tasoshi da fantekoki masu fure, tarin da Hajjo ta fara tun tana amarya, wanda take saukewa ta goge duk jajiberin salla.

"Atika, sauke su."

"Hajjo! Jerenku?"

"Kunnenki ya toshe ne? A tura su ƙarƙashin gado. Wa ke cin abinci a cikinsu?"

Aka sauke, ɗaya bayan ɗaya, suna ƙara. Bango ya fito fes, sumul, sai ramukan ƙusa. Hajjo ta leƙa murhu ta zaɓo gawayi mai ƙarfi, ta danƙa wa surukarta a tafin hannu.

"Nan ba mai shigowa. Rubuta."

Tamara ta dubi gawayin, ta dubi bangon. "Na manta, Hajjo," ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle. "Da yawa ne. Kai ya gaji."

"To fara da gaya min. Me ake nema a cikin wannan tsutsotsin da kike zanawa?"

Tamara ta waiwayi mijinta. Ya ɗaga kafaɗa. Ta nuna zanen da ke ƙugun Hajjo, rinin shuni mai sheƙi. "Wannan. Me ya sa shuɗi ne, ba ja ba?"

"Don haka Allah Ya so."

"Na yarda. Ni ina so in ga yadda Ya yi."

Hajjo ta gyara zama a bakin gado, ta ɗora jariri a cinya. "To, wannan ba laifi. Nuna min."

Tamara ta ja layi na farko. Ta tsaya. Ta ja na biyu, ta zana wata alama mai kama da cokali mai yatsu, ta fara bayani, rabi Hausa rabi Rashanci, Isyaku na fassara abin da ya iya. Hannun ya fara sauri.

"Tsaya!" Hajjo ta katse ta. "Ɗazu kin ce ɗan abin nan yana hagu, yanzu kin ce yana dama. Wanne ne?"

"Duka biyu."

"Ƙarya ne! Ko aljani ba ya zama wuri biyu. Sake."

Tamara ta saki baki tana kallonta, sai kawai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Haka yake yi min!" ta ce wa Isyaku da Rashanci. "Haka tsohon yake daka min tsawa a gaban kowa, sai na kare kaina. Tun da na zo ba wanda ya ce min ƙarya nake."

"Me ta ce?"

"Ta ce kun yi kama da malaminta."

"Allah Ya ba shi haƙuri, ya sha fama. Atika, kawo kunun kanwar nan. Ke kuma ki sha da zafinsa, in kin cika rabin bangon ki zo ki ba mijina nono. Ba inda za ki."

"Ba inda za ni," Tamara ta ce, ba ta juyo ba. Gawayi na ta ƙara a jikin bango.

Isyaku ya fita a hankali ya ɗauko akwatin daga zaure. Yana cikin mayar da shi ɗaki ya ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Atika ta leƙa, ta dawo da sauri, kwanon kunu a hannu.

"Auta, wani Bature ne da farar fijo. Na shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama."

Ya fita. Mutumin dogo ne, sanye da kwat mai ruwan toka duk da zafin rana. Bai miƙo hannu ba. Ya dubi baƙin man da ke tafin Isyaku, ya dubi cikin zauren, sannan ya yi magana da Rashanci mai sanyi.

"Nan Tamara Andreyevna take? Kira min ita. Daga nesa na zo da saƙon gwamnatin Sobiyet, kuma ba a aiko ni in koma ni kaɗai ba."