Takardar da ke Ƙofar Gidan Ginka

"Karanta wannan ma," in ji Momchil, yana dangwala yatsa a fuskar kwamfutarta, har ya bar mata tabon man banitsa, wainar cukun da yake ci.

Radostina ta karanta. Ra'ayin wani da ya sayi wasansu na kwamfuta ne, tauraro biyu cikin biyar. "Na biya leva goma sha biyar, an ba ni ƙauyen da ko kare babu. Bango duk hotunan ɓarayin da ake nema, na danna na danna, ba a ba ni aikin kama kowa ba."

"Ɓarayi," ta ce.

"To me kike so ya ce? Mutumin daga Kanada yake."

Su shida ne a kamfanin, a ɗaki guda bisa shagon masu faci a birnin Plovdiv, kuma wasa ɗaya suka taɓa yi: ka tuƙa motar burodi kana bin ƙauyuka kana rabawa. Wasan ya karɓu. Ƙarin wasan da suka fitar wata uku da suka wuce ne mutane ke ta zagi, kuma Radostina ce ta gina shi. Ƙauyensu ta ɗauka sukutum ta zuba a ciki, daga hotunan da ta yi mako guda bayan arba'in ɗin mahaifiyarta. Ba ta bar komai ba, har takardun rasuwa da ake mannawa a ƙofofi da turakun lantarki da rumfar jiran bas, kowacce da hoton mamacin da sunan waɗanda ya bari.

"Ƙarfe huɗu za mu tura gyara," in ji Momchil. "A cire su duka."

"Har ta Mama?"

"Radi, Allah ya ji ƙan Inna Ginka, da bakina na ci dafaffiyar alkamar arba'in ɗinta. Amma mutane sun sayi wasa ne, ba ziyarar makabarta ba. Kuma ko iyalan nan ba mu tambaya ba."

A nan ya fi ta gaskiya, abin da ya ƙara ba ta haushi ke nan.

Ta saka abin ji a kunne ta shiga wasan. Motar ta gangara ta gaban majami'a, ba motsin kowa sai ƙarar tayoyi a kan tsakuwa. Ta fara daga rumfar bas. Stoyan mai gyaran keke, ta goge. Malama Nevena da ta koya mata lissafi, ta goge. Duk wanda ta cire sai ya bar farin bango tas, kuma abin mamaki, sai yanzu ne ƙauyen ya yi mata kama da inda aka mutu. Da, ko ba komai, akwai idanun da ke bin motar idan ta wuce.

Kafin azahar saura guda ɗaya, ta Mama, a jikin koriyar ƙofar ƙarfen gidansu ƙarƙashin bishiyar gyaɗar Turawa. Ta kasa. Sai ta koma shafin ra'ayoyin 'yan wasa tana neman wanda zai zage ta da kyau, ko hannunta ya yi ƙwari.

Can ƙasa ta ga wani ra'ayi da harshensu, amma da haruffan Turawan yamma, irin rubutun waɗanda suka daɗe a waje. Tauraro ɗaya. A gefen sunan, inda ake nuna tsawon lokacin da mutum ya yi yana wasa, an rubuta awa sittin da huɗu. Ƙarin nan awa biyu ake yi a gama shi.

"Bai kai kuɗinsa ba. Koriyar ƙofar ba ta buɗuwa, alhali ɗaga ta kaɗan ake yi kafin a tura. Kuma akwai kuskure a takardar da ke jikinta. Matar nan 'ya'ya biyu ta haifa."

Ta sake karantawa. Mutum uku ne a duniya suka san yadda ake buɗe ƙofar nan, ɗaya tana kabari.

Yayanta Zdravko shekara goma sha ɗaya yana Valencia yana cusa lemo a kwali. Da Mama ta kwanta ya ce sai an gama kakar lemo. Da ta rasu ya ce ba jirgi sai jibi, jibin kuma bai zo ba. Ranar da Radostina ta je buga takardar arba'in, mai shagon, wanda ya san gidansu sarai, ya tambaye ta, "Daga wa za a ce?" Ta ce, "Daga 'yarta." Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, ta maimaita. Tun daga nan shekara uku ba ta ji muryar Zdravko ba, kuma ta sha gaya wa kanta cewa ba ta damu ba.

Takardar da ke ƙofar gaske ruwan sama ya cinye ta tuntuni. Wannan ta cikin wasa ce kaɗai ta rage, kullum sabuwa, kullum kwana arba'in.

"Momchil, buɗe min taswirar nan da ke nuna inda motoci ke yawan tsayawa."

Ya buɗe yana tauna. Ƙauyen duk shuɗi ne, sai ɗigo ɗaya ja wur a ƙarƙashin bishiyar.

"Yauwa, wannan wurin. Wata biyu ina neman abin da ke maƙale mota a nan, ban gano ba. Kullum wajen ƙarfe biyu, minti arba'in, ko motsi ba ta yi."

"Ba maƙalewa take yi ba," in ji Radostina. "Hutun cin abincin Zdravko ne."

Ta juya masa fuskar kwamfutar. Ya karanta ra'ayin, ya daina tauna. Ya daɗe yana murza takardar banitsar a hannunsa.

"Na cire sauran," ta ce. "Wannan za ta zauna."

"Za su ci gaba da cewa ɓarauniya ce."

"Su ce."

"Guda ɗaya, Radi," ya ce, ya koma kujerarsa.

Ta buɗe hoton takardar. Mama na kallonta da ɗankwalin nan mai furanni, baki a tsuke kamar kullum idan an ce ta tsaya a ɗauke ta. Radostina ta goge "kwana arba'in" ta rubuta "shekara uku". A layin ƙasa ta rubuta, "Daga 'ya'yanta, Zdravko da Radostina." Shi ne babba, sunansa ne a gaba. Sai da ta sake rubuta sunan sau biyu kafin ya fita daidai.

Ƙarfe huɗu gyaran ya tafi. Sauran suka fara tattara jakunkuna, ita tana zaune tana sabunta shafin, tana jin kunyar kanta. Biyar saura kwata ra'ayin ya canza. Tauraron yana nan guda ɗaya, amma rubutun ya koma layi ɗaya tak.

"Ƙofar har yanzu ba ta buɗuwa."

Ba komai a bayan ƙofar, ita ta sani. Ba ta taɓa gina tsakar gidan ba, fili ne kawai mai launin toka. Hotunan tsakar gidan suna nan a wata jaka cikin kwamfutar, ba ta buɗe ta ba tun ranar da ta ɗauke su.

"Ba za ki tafi ba?" in ji Momchil daga bakin ƙofa.

"Bar min makullin."

Ta buɗe jakar. Hoton farko dakalin dutse ne, da takalman Mama na roba a ajiye a gefe, suna fuskantar ɗaki.