Jar Hular Jizo

"Warware! Wannan hula ce ko safa?" Iya Tokuko ta fizge zaren daga hannuna, duk da jikinta ba ƙarfi.

Kwana goma ke nan da aka sallamo ta daga asibiti. Likita ya ce ta koma gida ta huta, mu kuwa mun gane nufinsa. Ta sa aka ja mata shimfiɗa bakin baranda, inda take hango lambunta: farar tsakuwa, gansakuka, da ɗan mutum-mutumin dutse na Jizo, mai tsaron yaran da suka riga iyayensu tafiya. Duk shekara kafin dusar ƙanƙara ta sauka sai ta saƙa masa jar hula. Bana hannu ya ƙi, shi ne ta ɗora min, ni maƙwabciyarta da ko maɓalli ban iya ɗinkewa.

"Iya, dutse ne fa. Mura zai yi?"

"Ke ce dutsen. Yi saƙa, Misao, ba ni da lokacin surutunki."

Ba ta da shi ɗin kuwa. Tsorona kada ta tafi ta bar kansa a buɗe.

Na sha tsokanarta a kan Jizon nan. Na kowa yana fuskantar baranda, don mai zama ya natsu da kallon fuskarsa. Nata kuwa ƙeya ya ba ta, yana kallon shingen gorar da ya raba gidajenmu. Sai ta ce ita ƙeyar ce ta yi mata kyau. Na ɗauka ɗa ta rasa, amma ban taɓa tambayarta ba, ba a yin wannan tambayar. Ni ma da na haifi 'yata ba rai, shekara tara da suka wuce, ba wanda ya ce min komai. Mijina ya ce a manta, ko suna ba mu sa mata ba. Iya Tokuko dai ta yi ta miƙo min miya ta kan shinge, wai ta yi mata yawa.

Ranar Alhamis da hantsi na gama hular, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Kai, ta yi muni," in ji ta. "Je ki sa."

Na taka tsakuwar a hankali na ɗora.

"Ja ki rufe kunnuwan. Ba ta son sanyi."

Na ɗauka ciwo ne ya sa ta ce "ta". Ranar Asabar da rana tsaka ta cika, idonta na lambun.

Bayan jana'iza ɗanta Shunsuke, da ya zo daga birnin Sendai, ya same ni a barandar. Na yi ta maza na tambaye shi ko ƙanwa ya rasa.

"Ƙanwa kuma? Ai ni kaɗai ta haifa. Shekara tara ke nan da ta kawo Jizon nan. Da na tambaya cewa ta yi ajiyar maƙwabta ce, mai shi za ta karɓa in ta shirya."

Shekara tara, daidai da rashin 'yata. Ashe duk shekarun nan akwai mai rufe wa 'yata kai, ni kuwa ina tsokanarta. Ga shi ta tafi ban yi mata godiya ba.

Na koma gida na buɗe tagar kicin, inda nake tsayuwa kullum ina wanke-wanke. Ta tsakanin gora biyu, ga 'yar fuskar dutsen tana kallona. Dusar farko ta soma sauka a kan karkatacciyar hular.